Kundin aiki: shigar da bayanan masu karɓar maganin HIV cikin kwamfuta

2 ga Satumba 2024

Wannan kundi na sashen kula da masu ɗauke da ƙwayar HIV ne a wani babban asibitin gwamnati da ke arewa maso yammacin Najeriya, da ƙananan asibitoci uku da ke karɓar magani ta hannun sashen. Aikin da aka sa a gaba shi ne a daina dogaro da kati da rajista kaɗai, a riƙa shigar da bayanin kowane mai zuwa cikin kwamfuta tun yana zaune gaban ma'aikaci.

Kwamfuta ba baƙuwa ba ce a sashen. Akwai laftof guda da ma'aikacin bayanai yake kwafe katuna a cikinta bayan an tashi, wani lokaci bayan kwana uku, wani lokaci sai an yi mako biyu. Irin wannan kwafi yana isa a haɗa rahoton wata, amma ba ya isa a gane cewa wane bai zo karɓar maganinsa ba tun da sauran damar nemo shi. Don haka ma'aunin aikin nan guda ɗaya ne: kowace safiya da ƙarfe takwas masu bibiya, wato ma'aikatan da ke nemo wanda bai zo karɓar magani ba, su sami jerin waɗanda ranar dawowarsu ta wuce, kuma jerin ya kasance gaskiya.

Manhajar da za a yi aiki da ita NMRS ce, wadda aka gina a kan OpenMRS. Cibiyar Regenstrief ta Amurka da ƙungiyar Partners In Health ne suka fara OpenMRS a 2004, aka soma aiki da ita a 2006 a shirin kula da masu HIV na Eldoret da ke Kenya, wato dama don irin wannan aiki aka ƙirƙire ta. Wasu asibitocin ƙasar nan LAMISPlus suke amfani da ita. Dukansu biyu suna tura bayani zuwa rumbun bayanai na ƙasa, NDR.

Za a sa kwamfuta a wuri biyar: teburin fayil, wurin awon nauyi da hawan jini, ofishin likita, wurin ɗibar jini, sai famasi. Katin kulawa da takardar rubuta magani da rajistar ART, wato ta masu shan maganin HIV, suna nan daram, ba a soke ko ɗaya ba.

12 ga Satumba 2024

An gama wuta da wayoyi. Ga lissafin, don asibitin da zai yi irin wannan kada ya sayi kaya da ka. Uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da rumbun, tana cin wat 150 ita da allonta. Laftof biyar, kowace wat 45, sun ba da 225. Rauta da akwatin rarraba wayoyi wat 25. Jimla wat 400, a awa takwas na aiki ya zama wat-awa 3,200. Batura huɗu masu bolt 12 da amfiya-awa 200 suna ɗaukar wat-awa 9,600 a takarda, amma batirin dalma idan ana zuƙe fiye da rabinsa kullum ba ya daɗewa, saboda haka 4,800 ne abin dogaro, inbata kuma ta ci nata kason, a tsira da kimanin 4,000. Ya isa awa goma ba rana ba wutar gari. Farantan sola shida masu wat 300 suna mayar da abin da aka ci a yini guda idan gari ya yi haske.

Firinta mai leza ba ta cikin lissafin, an bar ta a layin wutar gari da gangan, domin tana fizgar wuta da yawa sa'ad da take ɗumama. Soket ɗin da ke kan inbata an shafa musu jan fenti. Butar dafa ruwa ɗaya tana cin wat 1,500 zuwa 2,000, wato ninki huɗu ko biyar na abin da kwamfutocin sashen gaba ɗaya ke ci.

An ja waya zuwa kowane tebur maimakon dogaro da wayales, saboda bangon famasi mai kauri ne kuma ƙofarsa ta ƙarfe ce. An ba uwar garke adireshin da ba ya sauyawa. In ba haka ba, duk ranar da rauta ta mutu ta tashi sai ta ba ta sabuwar lamba, sauran kwamfutocin su neme ta su rasa, ma'aikata su ce manhaja ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Aikin cikin asibiti ba ya bukatar intanet. Sai lokacin tura bayani NDR ake kunna data.

24 ga Satumba 2024

Gyaran tsofaffin bayanai ya fi ɗaukar lokaci a kan yadda aka tsara, kuma ba gudun hannun masu bugawa ne matsalar ba.

An fara da masu zuwa a halin yanzu, aka ajiye fayil ɗin waɗanda suka rasu ko suka koma wani asibiti zuwa gaba. A kowane fayil ana kwatanta abu takwas tsakanin kati da kwamfuta: lambar asibiti, jinsi, ranar haihuwa, ranar fara magani, layin maganin da yake kai, ranar karɓa ta ƙarshe da yawan kwanakin da aka ba shi, sakamakon gwajin yawan ƙwayar cuta na ƙarshe, da matsayinsa yanzu. An kayyade wa kowane ma'aikaci fayil 25 a rana. Mutum huɗu, fayil 100 ke nan, kowane dubu ɗaya zai ci kwana goma na aiki. Wanda ya wuce 25 ana sake duba aikinsa, ba a yaba masa.

Sunaye ne suka fi cin rai. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a kati, Mohammed a rajista, Mamman a takardar lab. A'isha ta zama Indo, Hauwa ta zama Kulu, Abubakar ya zama Garba. Mace ta ba da sunan mahaifinta ranar da aka buɗe mata fayil, bayan shekara biyu ta ba da na mijinta. Akwai kuma waɗanda tun farko suka ba da sunan da ba nasu ba don tsoron tonon asiri, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Binciken NAIIS na 2018, wanda ya auna yaɗuwar HIV a Najeriya, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar a faɗin ƙasa, a arewa maso yamma kuwa kashi 0.6, mafi ƙanƙanta a shiyyoyi shida. Inda masu abu ba su da yawa, an fi saurin nuna su da yatsa.

Ranar haihuwa ba ta raba gardama, domin da yawa shekaru kawai suke iya kintatawa, kuma an yi ta rubuta musu 1 ga Janairu. Manhajar tana da wurin da ake nuna cewa ranar ƙiyasi ce, yanzu dole a cika shi. Dokar da aka kafa: ba a haɗa fayil biyu saboda kamannin suna, sai lamba da ranar fara magani da bayanin mai shi sun yi daidai, kuma shugaban sashen fayil ya sa hannu. Idan an haɗa, ranar fara magani mafi daɗewa ake riƙewa. Ba a goge komai, sokewa ake yi tare da rubuta dalili, ta yadda za a iya dawowa a duba.

7 ga Oktoba 2024

Yau aka fara shigarwa kai tsaye. Layi ya yi tsawo a ofishin likita, saboda likita yana cika kati sannan ya juya ya cika fom ɗin kwamfuta. An sa ma'aikacin bayanai ya zauna kusa da shi na mako biyun farko. A famasi abin ya tafi daidai fiye da ko'ina.

An buga fom ɗin takarda na ko-ta-kwana guda 200 an ajiye a kowane tebur. Idan kwamfuta ta tsaya, ba a tsayar da mai karɓar magani, a cika takarda, a sa ta a jan fayil, a shigar kafin a tashi. Ba a rufe sashe sai yawan takardun magani da famasi ya karɓa ya yi daidai da yawan waɗanda kwamfuta ta nuna an sallama a ranar.

30 ga Oktoba 2024

Fiye da mako guda ke nan yawancin jihohin arewa ba wutar gari, tun da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala ranar 21 ga wata, alhali na Shiroro zuwa Kaduna dama an lalata shi. Sola ta riƙe kwamfutocin, ko da yake sau biyu inbata ta yi ƙara ta ɗauke da rana tsaka. Da aka bi layi sai aka tarar an jona firij da cajar wayoyi masu yawa a jan soket. Ba mugunta ba ce, asibiti duka na cikin duhu kuma nan ne kaɗai ke da wuta. An sauya soket ɗin zuwa masu ramin da filogin firij da na buta ba ya shiga, aka ware wuri ɗaya na cajin waya mai fis ɗinsa daban.

Ɗaukewar wuta farat ɗaya ita ce babbar barazana ga rumbun bayanai na MySQL da ke cikin uwar garke, domin tana iya yanke rubutu a tsakiya. An sa ƙaramar UPS, wato na'urar riƙe wuta mai batiri, tsakanin inbata da uwar garke, wadda za ta ba da minti goma a kashe ta yadda ya kamata. Sadarwar waya ta yi rauni a kwanakin nan, sai an kai fayil ɗin turawa cikin gari a filashi mai kalmar sirri kafin ya shiga NDR.

11 ga Nuwamba 2024

Wannan ce matsala mafi girma da aka gano zuwa yanzu, kuma tana cikin akwati ɗaya tak na fom ɗin famasi.

Tun ranar 7 ga wata masu bibiya suka fara kiran mutanen da jeri ya nuna sun saɓa alƙawari, sai mutum ya ce maganinsa na nan bai ci rabi ba. Ga yadda abin yake. TLD, wato haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ƙwaya ɗaya ake sha a rana, kuma yana zuwa a roba mai 30, mai 90, da mai 180. Kwamfuta ba ta kallon ranar da likita ya rubuta a kati, lissafi take yi: ranar karɓa, a tara da yawan kwanakin maganin da aka bayar. Wanda aka ba wa roba mai 90 ranar 7 ga Oktoba, maganinsa zai kai shi 5 ga Janairu 2025. Idan aka ga "roba ɗaya" aka buga 30, kwamfuta za ta sa ran ganinsa 6 ga Nuwamba. Tun daga Oktoba 2018 ƙa'idar rahoton PEPFAR, shirin Amurka na tallafa wa yaƙi da HIV, ta rage wa'adin da ake jira daga kwana 90 zuwa 28, saboda haka da zarar 4 ga Disamba ta wuce za a lissafa shi cikin waɗanda suka katse magani, alhali yana da ƙwaya 32 a aljihu.

Wannan kuskure yana ɓata lokacin masu bibiya da kuɗin kira, yana kuma jawo a kira mutum a gaban iyalinsa ba gaira ba dalili. Amma kishiyarsa ta fi muni. Idan aka ba mutum 90 aka buga 180, kwamfuta ba za ta neme shi ba sai 5 ga Afrilu. Wata uku cur yana iya zama ba magani, sunansa bai fito a kowane jeri ba, rahoton wata kuma yana nuna shi cikin masu shan magani. Kuskuren farko yana tona kansa da kira ɗaya, na biyu ba mai jin ɗuriyarsa. Ya fi faruwa idan likita ya rubuta wata shida, famasi ya ba da wata uku saboda kaya sun yi ƙasa, mai shigarwa kuma ya kwafi rubutun likita.

Gyaran da aka yi guda uku ne. Mai harhaɗa magani ne kaɗai zai cika wannan akwati, da yawan ƙwayoyin da ya miƙa da hannunsa, ba yawan robobi ba, ba yawan watanni ba. Kowace Juma'a a kwatanta jimlar ƙwayoyin TLD da kwamfuta ta ce an bayar da abin da katin sito ya nuna ya fita, idan sun saɓa da fiye da roba ɗaya a bi takardun makon ɗaya bayan ɗaya. Sannan an dawo an duba duk wanda aka rubuta wa 180 tun 7 ga Oktoba. A ganinmu wannan kwatanci na Juma'a ya fi duk wani horo da aka yi wa ma'aikata amfani, domin sito ba ya mantuwa kuma ba ya kunyar kowa.

25 ga Nuwamba 2024

Ɗaukar zanen yatsa. Ƙa'idar da ake bi ita ce a nemi yatsu goma, kada a yi ƙasa da shida masu kyau. Amfaninsa a bayyane yake: NDR tana kwatanta zanen da na sauran asibitocin ƙasa, ta nuna wanda ya buɗe fayil a wuri biyu.

Yatsun manoma bayan girbi sun goge, wasu sun tsattsage. Na mata masu yawan wanki da wanke-wanke haka. Lalle mai duhu a kan yatsa yana rage ingancin hoton, sai a ɗauki waɗanda suka samu a rubuta a sake a zuwa na gaba. Bushewar hunturu ta fara: idan yatsa ya bushe, mutum ya goga shi a goshinsa ya ɗan samu maiƙo, idan ya yi gumi a share da kyalle. Gilashin na'urar a goge shi da kyalle mai laushi bayan kowane mutum biyar. Danna yatsa da ƙarfi ba ya ƙara komai, cuɗe layukan yake yi. Ƙananan yara ba a matsa musu. Ba a hana kowa magani don yatsansa ya ƙi hawa, kuma an faɗa wa duk ma'aikata wannan a fili.

Lokacin ci-rani ya kama. Masu tafiya Legas, Abuja ko Fatakwal ana tambayarsu tun a teburin awo ko za su yi tafiya, a ba wanda ya cancanta na wata shida, wanda zai daɗe fiye da haka a rubuta masa takardar komawa wani asibiti a kuma nuna hakan a kwamfuta. Wanda ya tafi bai faɗa ba ya buɗe sabon fayil a can a matsayin sabon kamu, mu ya zama wanda ya ɓace, su ya zama sabo, ƙasa kuma ta ƙirga shi sau biyu. Masu tsallakawa Nijar tsarin can daban ne, takardar da ke hannunsu ce kaɗai ke bin su, saboda haka a rubuta sunan magani da ranar farawa da sakamakon gwaji na ƙarshe dalla-dalla.

9 ga Disamba 2024

Gwajin yawan ƙwayar cuta ana yin sa wata shida bayan fara magani, a sake a wata goma sha biyu, daga nan sau ɗaya a shekara. Yanzu kwamfuta tana fitar da waɗanda lokacinsu ya yi kwana ɗaya kafin ranar zuwansu, a maƙala koren kati a fayil, a ɗebi jini kafin mutum ya isa famasi. Da ya karɓi maganin wata shida ya fita ƙofa, sai bayan wata shida kuma. Ana raba ruwan jini cikin awa shida da ɗiba, a sanyaya, kafin mai babur ya kai ɗakin gwajin PCR.

Kurakuran shigar da sakamako iri uku ne. Akwatin lamba yake karɓa, sai a buga 1.200 a maimakon 1,200, mutumin da ƙwayar ta haura masa 1,000 ya koma kamar wanda ba ta ko kai biyu ba. Sakamakon da ya ce ba a ga ƙwayar ba, wani ya bar akwatin fayau, ya zama kamar ba a yi gwajin ba. Na uku, musanya ranar ɗibar jini da ranar fitowar sakamako. An hana sa waƙafi ko ɗigo a akwatin, an liƙa takardar misalai a jikin allo. Duk sakamakon da ya kai 1,000 ko fiye, a shigar da shi ranar da ya iso, mutum biyu su sa hannu, a kira mai shi a fara zaman ƙarfafa shan magani, a sake gwaji bayan wata uku. Ba a jira ranar zuwansa.

19 ga Disamba 2024

Ƙurar hunturu ta rage ƙarfin sola, batura ba sa cika kafin la'asar. Yanzu ana wanke farantan sau biyu a mako da sassafe. An buɗe uwar garke an hure ƙurar fankarta.

Laftof ɗin teburin awo ta wayi gari da shekarar da ba ta yanzu ba. Ƙaramin batirin agogonta, CR2032, ya mutu. An sauya shi, an sayi biyar an ajiye, kuma abu na farko da kowa zai duba da safe shi ne kwanan watan da ke gefen allo. An kuma daidaita duk kwamfutocin su riƙa nuna rana kafin wata, don 03/10 kada ya zama 10 ga Maris a tebur ɗaya, 3 ga Oktoba a wani.

An gwada maido da kwafin ajiya a wata kwamfuta a karon farko, ya ƙi buɗewa. Faifan da ake ajiyewa ya cika tun kwanaki, fayil ɗin yana fitowa da sunansa da kwanan watansa amma ba komai a ciki. Sabon tsari: kwafi kullum bayan an tashi, a duba girmansa kada ya gaza na jiya, a sa a faifai biyu masu kalmar sirri, ɗaya ya kwana a kabad ɗin wani gini. Ranar Asabar ta farko a kowane wata a maido da shi a gwada neman mutum biyar.

13 ga Janairu 2025

An gano ma'aikata uku suna shiga da suna ɗaya, kalmar sirri kuma a rubuce a ƙarƙashin tebur. An rufe wannan suna, kowa ya samu nasa, kuma kowa iyakar aikinsa yake gani: mai teburin fayil ba ya buɗe sakamakon gwaji. An juya allunan sun daina kallon masu jira. An hana ɗaukar hoton jeri a tura ta WhatsApp, ko da a zauren ma'aikata ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanin. Dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014 ma tana nan. Amma ko ba doka, sunan mace ɗaya da ya fita zai iya kashe mata aure.

Lambar wayar da ke fayil sau da yawa ta miji ce ko ta ƙani. An ƙara tambaya biyu a fom: wayar ta wa ce, kuma an yarda a kira? Mai kira ba ya ambaton asibiti ko magani sai ya tabbatar da wanda ya ɗauka. Zai ce, "Salamu alaikum, don Allah da Malama wance nake magana?" Idan wani ne, "To Baba, a gaya mata ƙawarta ta kira, za ta sake nema." Mata ne ke kiran mata.

Wajen yara, an ga nauyi iri ɗaya a zuwa uku a jere, alamar kwafe na baya ake yi. Awon dolutegravir mai narkewa na yara da nauyi yake tafiya: miligiram 15 daga kilo 6 zuwa ƙasa da 10, 20 daga kilo 10 zuwa ƙasa da 14, 25 daga 14 zuwa ƙasa da 20, daga kilo 20 a koma ƙwaya mai 50. Yaron da ya girma a gida bai girma a kwamfuta ba, ƙaramin awo zai ci gaba da sha. Yanzu famasi ba ya sallamar yaro sai ya ga nauyin ranar.

Gwajin PCR na gano ko jariri ya kamu da ƙwayar, a mako shida, yana faɗawa daidai ƙarshen kwana arba'in na wankan jego, lokacin da uwa take gidan iyayenta, wataƙila a wani gari. Tun a awon ciki ake tambayar inda za ta yi wanka, a rubuta, a haɗa lambar jariri da ta uwa ranar haihuwa.

29 ga Janairu 2025

Ranar 20 ga wata shugaban Amurka ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, ranar 24 kuma aka aika wa masu gudanar da ayyuka umarnin tsayawa. Ma'aikatan bayanai da masu bibiya da ake biya ta wannan hanya ba su fito ba tun Litinin. Magani na nan a sito kuma ana bayarwa.

Abin ya nuna raunin da ke cikin tsarinmu: kalmar sirrin mai kula da uwar garke, da yadda ake fitar da jerin safe, da yadda ake kwafin ajiya, duk suna hannun waɗanda ba ma'aikatan asibiti ba. An rubuta matakan kunnawa da kashewa da kwafi a shafi biyu an liƙa a bango. An sa kalmar sirrin a ambulan an rufe a ofishin shugaban asibiti. Ma'aikatan sashen fayil biyu na gwamnati sun karɓi aikin. Idan hannu ya yi kaɗan, famasi ne ba za a bari ya tsaya ba, sauran fom ɗin su jira a jan fayil.

10 ga Fabrairu 2025

An ba da sassauci ga ayyukan jinya da bayar da magani a farkon wata, wasu ma'aikatan sun dawo. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen fakitin magani 150,000. An shigar da takardun jan fayil duka cikin kwana huɗu, an fara da na famasi, sannan sakamakon gwaji. Ma'aikatan gwamnati biyun za su ci gaba da yin kwana biyu a mako a teburin, ko da kowa ya dawo.

5 ga Maris 2025

Azumi ya kama ranar 1 ga wata. An matso da buɗe sashe zuwa bakwai da rabi, ɗibar jini kafin sha ɗaya. TLD sau ɗaya ake sha a rana, saboda haka mai azumi zai iya mayar da shi bayan buɗa-baki ko lokacin sahur, muddin ya tsaya a lokaci ɗaya. An fitar da jerin duk waɗanda maganinsu zai ƙare daga 24 ga Maris zuwa 7 ga Afrilu, ana kiransu su zo kafin hidimar salla.

An kai laftof da na'urar yatsa ƙaramin asibiti na farko cikin ukun. Ba a haɗa shi da uwar garke ba tukuna, ana kawo takardunsa kowace Talata da Juma'a a shigar a nan, wato jerinsa na iya yin lattin kwana huɗu. Sauran biyun sai an samu batura. Akwatin ranar kammala maganin rigakafin tarin fuka, isoniazid na wata shida, har yanzu fayau yake a fayil masu yawa, an ba ma'aikaciyar jinya ɗaya ta bi su daga Litinin. Gwajin maido da kwafi na gaba 5 ga Afrilu ne, kuma kafin damina ta faɗi za a ɗaga batura daga ƙasa a gyara rufin da ke saman inbata.